Zafi a Matsayin Magani: Na'urar Igiyar Rediyo da Darasin Wankan Jego

A ƙasar Funtua da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana ɗaukar sanyi a kan babban abokin gāban jiki, zafi kuwa makarinsa. Shi ya sa mai jego ta ke wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana 40, ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, ta sha kunun kanwa. To, ga shi yanzu wani sabon maganin zafi ya zo daga ƙasashen Turai, tallarsa tana isa ga mata ta wayar hannu. Wata na'ura ce wadda a ke gogawa a cinya, a ce tana baje lotsawar fata. Ya kamata malamai su san hujjar da ke bayanta, gama su a kan tambaya.

Abin da likitoci ke kira selulait shi ne fata ta yi gurbi-gurbi kamar ɓawon lemo, galibi a cinya da ɗuwawu. Ba nankarwa ba ce, ba kuwa ƙiba ce kurum ba, don ramammiya ma tana samu. Likitoci sun ƙiyasta mata 80 zuwa 90 cikin 100 suna da shi bayan balaga, amma a wurin maza da wuya a gan shi. A 1978 waɗansu likitocin Jamus biyu, Nürnberger da Müller, suka bayyana dalili. Ƙarƙashin fata akwai kitse, da waɗansu zarurruka masu ɗaure fata da naman da ke ƙasa. A jikin mace zarurrukan a tsaye su ke, sai kitse ya kumburo tsakaninsu, su kuwa su ja fata ciki, kamar yadda igiya ke shiga jikin buhun auduga in an ɗaure shi tamau. A jikin namiji a gicciye su ke kamar saƙar tabarma. Watau selulait halitta ce, ba cuta ba.

Ita na'urar tana tura lantarki mai saurin kaɗawa, irin saurin igiyar rediyo, cikin fata. Tun wajen 1890 wani masani Bafaranshe, d'Arsonval, ya nuna irin wannan lantarki ya kan ratsa jiki ba tare da fizgar nama ba, sai dai ya bar ɗumi. Masu aiki da ita su kan kai saman fata wajen digiri 40 zuwa 42 na ma'aunin Salshiyas. Manufa ita ce zafi ya sa zaren fata, wanda a ke kira kolajin, ya tsuke, jiki kuma ya saƙa sabo, fata ta yi kauri ta rufe gurbin. A 2002 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta ba na'urar Thermage izini saboda tamojin gefen ido. A 2005 ta ba VelaSmooth izini saboda selulait. Amma fa abin da izinin ya ambata shi ne rage bayyanarsa na ɗan lokaci. Mai talla ya kan faɗi izinin, ya haɗiye ƙarshen maganar.

Ko na'urar tana aiki? Likita ba ya amsa wannan da hoto biyu, na kafin da na bayan. Sai an raba mata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya aikin sosai, ɗayan a goga masa na'urar a kashe, sa'an nan wanda bai san ko wace ce aka yi wa ba ya zo ya auna, a kuma jira watanni a sāke aunawa. A 2015 Luebberding da Krueger da Sadick suka tattara bincike 67 a kan magungunan selulait iri iri. Guda 19 kaɗai aka yi da ƙuri'a da kashin kwatanci. Suka ce ba su sami tabbatacciyar hujjar kyakkyawan aiki ga ko wane magani ba, binciken igiyar rediyo kuwa yana cikin waɗanda su ka sami manyan kurakurai a tsarinsu.

Kurakuran ba ɓoyayyu ba ne. Da yawa an yi su a kan mata kaɗan, an kuwa daina bin su ba da daɗewa ba bayan an gama. Waɗansu faɗin cinya su ka auna, alhali raguwar cinya dabam, bajewar gurbi dabam. Ita VelaSmooth ta haɗa abu uku, igiyar rediyo da hasken ɗumi da tausa mai tsotsar fata, saboda haka in an ga sauƙi ba a san na wane ne ba. Tausa kaɗai ta kan sa fata ta ɗan kumbura, gurbi ya ɓace na kwanaki. Har wa yau, selulait ya kan ɓuya ko ya fito gwargwadon inda haske ya faɗo da yadda mace ta tsaya, don haka hoto mugun mashaidi ne. Iyakar abin da za a iya faɗi shi ne, waɗansu mata su kan sami ɗan sauƙi bayan zama da yawa, sa'an nan abin ya komo in an bari. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da ɗumin bai tsinke zarurrukan da ke jan fata ba. Hanyar da ta ke yanke su, irin ta Cellfina wadda ta sami izini a 2015, ita ce amfaninta ya fi daɗewa, amma ita aikin likita ce da ƙaramar wuƙa.

Mutanen kudancin Katsina ba baƙin irin wannan awo ba ne. A shekarun 1970 Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful da Jami'ar Ahmadu Bello sun yi babban bincike a ƙasar Malumfashi a kan cututtuka irin su tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. A nan ne kuma Murray Last da Lewis Wall su ka zauna su ka nazarci maganin Hausa. Littafin Wall ya fito a 1988. A wannan zamani likitocin asibitin jami'a na Zariya su ka lura masu jego da yawa suna zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza. A 1978 Davidson da Parry su ka buga bayanin mata 224, su ka danganta abin ga al'adun jego. Hujjarsu mai shiga hankali ce: kanwa cike ta ke da gishirin da ke riƙe ruwa a jiki, zafi kuwa yana buɗe hanyoyin jini, ya ƙara wa zuciya aiki.

Aka yi shekaru ana koyar da haka. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa su ka tattara marasa lafiya daga asibitoci da yawa na Nijeriya, su ka gwada su da masu jego lafiyayyu. A sakamakon da su ka buga a 2020, wankan zafi da kunun kanwa ba su fito a kan abin da ya raba kashin biyu ba. Abin da ya fito shi ne rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da rama, da hawan jinin goyon ciki. Wannan bai wanke tafasasshen ruwa ba, gama har yanzu yana ƙona fata, kanwa mai yawa kuwa ba ta dace da mai hawan jini ba. Amma ya nuna dalili mai daɗin ji, ko daga bakin manyan likitoci ya fito, yana iya raunana ran da aka kawo kashin kwatanci. In haka ya faru ga binciken mata 224 a asibitin jami'a, ina ga tallar da ba ta da shaida sai hoto biyu?

Akwai kuma haɗari. A hannun gwani, abin da na'urar ta kan bari ja ne da ɗan kumburi mai wucewa. A hannun wanda bai iya ba ta kan ƙona, ƙuna kuwa a baƙar fata ta kan bar tabo mai duhu, wani lokaci har tsiron tabo. An hana amfani da ita ga mai ciki, da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya, da wurin da ke da ƙarfe a jiki. Kuɗin kuma ba na zama ɗaya ba ne. Matar da ta sayar da masararta ko akuyarta don wannan za ta sāke biya muddin tana son abin ya dore.

Saboda haka malamin da ɗalibarsa ta tambaye shi yana da tambayoyi huɗu da zai koya mata, masu amfani ga wanzami da mai ganye da mai na'ura baki ɗaya. Mutum nawa aka gwada? Da wa aka kwatanta su? Wa ya auna, ya kuwa san wadda aka yi wa? Bayan shekara guda me ya rage? Na'urar igiyar rediyo, a kan selulait, ba ta ba da gamsasshiyar amsa ga waɗannan ba cikin binciken 2015. Wadda ta ga dama ta gwada, ta je wurin likitan fata, ta tafi da sanin cewa sauƙin kaɗan ne, ba kuwa mai zama ba ne.