Amsoshin Wasiƙunku: Tsohon Gini A Mashi, A Rushe Ko A Gyara?

TAMBAYA: Wani mai saurarenmu daga garin Mashi ta Jihar Katsina ya rubuto yana cewa, akwai wani tsohon ginin ƙasa a unguwarsu wanda ya daɗe a kulle, jemagu da awaki ne kawai ke amfana da shi. Su matasan unguwar sun tara 'yan kuɗi suna so su mai da shi shaguna da zauren taro, amma wasu na cewa gara a rushe a yi na bulo. Ya ce, shin an taɓa yin irin haka a wani wuri ya yi kyau? Kuma ta ina za su fara?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma amsar tambayarka ta farko ita ce, ƙwarai kuwa an taɓa yi, ba ma sai ka yi nisa ba. In ka hau mota daga nan Mashi ka sauka cikin birnin Katsina, ka ce a nuna maka tsohuwar Kwalejin Katsina. Wannan makaranta ta horon malamai ce, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma a cikinta aka koyar da su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim. A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, daga baya ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ɗalibai suka tafi, gini ya tsaya. Ginin ƙasa ne fa, irin naku, ga shi ya haura shekara ɗari, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne na ƙasa. Ni da na yi makarantar horon malamai, duk sa'ad da na shiga wurin sai jikina ya yi sanyi.

Haka nan Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi aiki a cikinsa, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani kuma gidan tarihi. Ka ga ke nan gida ɗaya yana iya ɗaukar aiki biyu ko uku. A Kaduna ma, gidan da Sardauna ya zauna shi ne aka mayar Arewa House a 1970, inda masu binciken tarihi ke aiki ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Na san za ka ce ai waɗannan na gwamnati ne, ku kuwa ciniki kuke nema. To, dubi Kantin Kwari. Unguwar Kwarori ce, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya, gidajensu da kantunansu ne a wurin. Da tafiya ta yi tafiya sai gidajen suka koma hannun 'yan kasuwarmu, aka yanyanka ɗakuna aka yi shagunan atamfa da shadda, shi ya sa har gobe za ka ji ana cewa shagona yana gidan wane. Riba an same ta. Amma kuma cunkoso da gobara da rashin hanyar ruwa duk sun biyo baya, domin kowa ya faɗaɗa nasa yadda ya ga dama. Wannan darasi ne gare ku.

Yanzu bari mu dawo Mashi. Abu na farko ba kwano ba ne, ba siminti ba ne. Abu na farko shi ne, ginin nan na wane ne? A wasiƙarka ba ka faɗa ba, kuma a nan ne yawancin irin wannan aiki ke karyewa. In ginin En'e ne na da, to tun gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 irin waɗannan kadarori sun koma hannun hukuma, sai ku nemi Ƙaramar Hukumar Mashi a rubuce. Ko ba don wannan ba ma, tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da shaguna a kan ƙananan hukumomi, saboda haka dole ku bi ta ofishinsu. In kuwa gidan gado ne, to sai dukan magada sun yarda, mazansu da matansu, har wanda ke Legas ko Maraɗi. Yardar babban wa kaɗai ba ta isa ba. In wani bawan Allah ne ya bar shi wakafi, sai a nemi malamai su faɗi abin da sharaɗin ya halatta. Kada kuma ku manta da dokar ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen jiha a amanar Gwamna. A bincika ko akwai takardar mallaka, da sunan wa.

Ku fara da mai unguwa, ya kai ku wurin dagaci, a je gaban Hakimi. Amma fa albarkar baki daban, takarda daban. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, a rubuta yarjejeniya: shekara nawa aka ba ku, nawa za ku riƙa biya, in wa'adi ya cika gyaran da kuka yi na wa ne. Domin kuwa kango ba shi da masoyi, amma ranar da ya yi fenti aka ga masu ɗinki a ciki, ranar ce za ka ga masu shi sun fito ta ko'ina.

Sai batun shi kansa ginin. Ku samo tsohon magini wanda ya san tubali da azara, ku haɗa shi da injiniyan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, su zagaya tare. Wuri uku za su duba: gindin bango, ko ruwa ya ci shi, azara, ko gara ta shiga, da rufi, ko indararo na zubar da ruwa nesa da bango. Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne. In gindi da rufi lafiya lau, tsagar da kuke gani a jiki ba komai ba ce, yaɓe ne maganinta. In kuwa bango ya karkata ko ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, to wannan sashen a sauke shi, kada a sa ran mutane cikin hatsari saboda son tarihi.

A nan zan ja kunnenku kan siminti. Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, iyayen yara suka yi karo-karo aka shafe bangon aji na ƙasa da siminti, ya yi kyau kamar gidan Bature. Damina biyu kacal, sai wata safiya muka tarar shafen ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗo, bangon ciki ya jiƙe kamar kunu. Allah ya kiyaye da dare abin ya faru. Dalili kuwa, siminti ba ya kama jikin ƙasa sosai, in ruwa ya sami 'yar kafa ya shiga bayansa ba ya iya fita, sai ya yi ta cin bangon a ɓoye. Magabata da makuba suke shafe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko kuma laso, kuma suna sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Siminti ku sa shi a daɓen ƙasa da dakali, nan ne wurinsa.

Shago kuma sai da ƙofa mai kallon hanya, kuma fasa ƙofa a bangon ƙasa shi ne aiki mafi hatsari. Bangon ne ke ɗauke da rufi. Kada a fasa kusa da kusurwa, kada a fasa ƙarƙashin ƙafar baka in ɗakin ɗaurin guga ne, kuma a ɗora azara mai ƙarfi a sama kafin a cire ƙasar da ke ƙasa. Azara ita kaɗai ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida, saboda haka mai son shago mai faɗin gareji ya haƙura. In ƙofa huɗu ginin zai ɗauka, a tsaya a huɗu, ko da masu neman haya goma ne.

Wa za a ba haya? Tela, mai aski, mai kayan masarufi, mai cajin waya, mata masu saƙa ko sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli, duk babu laifi. Mai injin niƙa dai a ba shi haƙuri, girgizar injinsa za ta tsattsage bango. Mai sayar da fetur a galan kuwa ko kusa kada ya zo. Ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ta babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021. Wayar lantarki a ba ƙwararre ya ja ta cikin bututu, kada a naɗe ta a jikin azara, kowane shago da makashin wutarsa.

Shi kuwa zauren, ni a ganina kada ku yanka shi, ko da kuwa kuɗin haya zai ragu. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana da sanyi a watan Afrilu lokacin da shagon bulo mai rufin kwano ke zama tanda. Da safe ajin yaƙi da jahilci na mata, da yamma darasin yara, ranar allurar rigakafi ma'aikatan lafiya su zauna, manoma su yi taron taki. Wannan ne zai sa unguwa ta ɗauki ginin nata ne, in wani mai ƙarfi ya so ƙwacewa ya tarar da jama'a a gaba.

Kuɗin haya a zuba a asusun banki na ƙungiya mai sa hannun mutum uku, a ware kason yaɓe da gyaran rufi tun kafin a taɓa sauran, kuma a karanta lissafi a gaban kowa. Aikin ginin a fara shi bayan kaka, a gama kafin ruwan farko; wanda ya buɗe rufin ƙasa a watan Agusta ya sayi wahala da kuɗinsa.

Saboda haka Malam, kuɗin da kuka tara ku bar su inda suke tukuna. Je ka binciko mana mai ginin, ka sake rubuto mana abin da magini ya gani a gindin bango, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.