Masu Fatsa Da Doguwar Tafiya: Me Ke Kai Su Nesa?

A ranar 17 ga Mayu, 1985, wani mutum mai suna Les Anderson ya jefa ƙugiya a kogin Kenai na jihar Alaska a Amurka, ya fito da kifin salmon mai nauyin kilo 44. Har yau ba a sake kama irinsa mai wannan girma da fatsa ba. Tun daga lokacin sunan garin Soldotna da ke bakin kogin ya ƙara fitowa. Daga birnin Anchorage zuwa can kilomita 240 ne, kusan Kano zuwa Kaduna, kuma mutanen birnin ba sa ɗaukarta a bakin komai. Akwai masu tasowa da mota tun daga Seattle, su keta ƙasar Kanada, su share sama da kilomita 3,500 kafin ƙugiyarsu ta taɓa ruwa.

Ba yunwa ke kai su ba. A Amurka da Turai fatsa wasa ce ta shaƙatawa, kuma da yawa kan auna kifin, su ɗauki hoto da shi, su mayar da shi ruwa da ransa. Ƙidayar da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta yi a 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 40 ne suka yi fatsa a shekarar, suka kashe kusan dala biliyan 100 a kan kayan aiki, man mota, masauki da lasisi.

Galibin fitar da suke yi ta kusa da gida ce. Ma'aikacin da ya tashi aiki da la'asar tafkin bayan gari zai nufa, domin ba ya son zaman mota ya cinye masa lokacin zama a bakin ruwa. Idan hutun ƙarshen mako ne, tafiyar awa uku ko huɗu ba ta dame shi. Doguwar tafiya sai hutun shekara, kuma abin da ke jawo ta shi ne irin kifin da babu shi a gida, ko kuma lokacin fitowarsa ƙayyadadde ne. Salmon a teku yake girma, sai ya hauro kogin da aka ƙyanƙyashe shi don yin ƙwai cikin 'yan makonni. Wanda ya makara sai baɗi.

A Turai ma haka abin yake. Turawan Ingila masu neman kifin carp kan cika mota da tanti da buhunan koto, su tsallaka Faransa ta jirgin ruwa ko ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, su kwana bakwai a bakin tafki ɗaya. Wasu su zarce Sifaniya, zuwa garin Mequinenza a kogin Ebro, inda ake kama wata irin tarwaɗa da kan wuce tsawon mita biyu. Jamusawa kuwa Norway suka fi nufa, har sai da gwamnatin ƙasar ta ƙayyade kilon kifin da baƙo zai iya fita da shi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gano amfanin wannan nisa. A 1947 Harold Hotelling ya ba hukumar gandun dajin Amurka shawarar cewa, in ana son sanin darajar wurin da ba a sayar da shi a kasuwa, a duba daga ina mutane ke zuwa da abin da tafiyar ta ci musu. Da wannan lissafi ake auna kimar tafkuna da koguna har gobe.

Yawon yana da nasa lahani. Kwale-kwalen da ake ja a bayan mota yakan ɗauko ƙananan halittun ruwa daga wannan tafki zuwa wancan. Wata irin ƙumba da ta shigo manyan tafkunan arewacin Amurka a ƙarshen shekarun 1980, an ga 'yar'uwarta a tafkin Mead na yammacin ƙasar a 2007, tana toshe bututun ruwa. Shi ya sa jihohi da dama suka kafa shingen duba kwale-kwale a kan manyan hanyoyi.

Masuntan ƙasar Hausa sun san tafiya don kifi tun kafin zuwan mota, sai dai tasu ta neman abinci ce. Sarkawa da Kabawa sun bi Kwara, wasu sun yada zango a Baga da tsibiran tafkin Chadi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, har yau yana tara masu gora da homa daga nesa don neman giwan ruwa a kogin Matan Fada.

Shi kuwa kogin Kenai, yawan babban salmon ɗinsa ya ragu sosai, har hukumar Alaska ta hana kama shi a 2023 da 2024.