Digirin Kimiyya, Fasaha da Al'adu: Wane Reshe Ɗalibi Zai Kama?

Cikin shekarar 1959 wani Baturen Ingila mai suna C. P. Snow ya yi wata lacca a Jami'ar Kambirij wadda har yau ba a daina ambatonta ba. Shi dai wannan mutum masanin kimiyya ne, marubucin ƙagaggun labarai ne, sa'an nan ya daɗe yana aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta ƙasarsu. Kukan da ya yi shi ne masu ilmi sun rabu gida biyu, 'yan kimiyya a nan, 'yan adabi a can, kowane gida bai san harshen ɗan'uwansa ba, alhali kuwa al'amuran mulki suna bukatar duka biyun.

Bayan haka jami'o'i suka shiga buɗe sassa don ɗinke wannan ɓaraka. A Amurka, Jami'ar Cornell ta kafa nata shirin cikin 1969, Stanford cikin 1971, MIT kuwa cikin 1976. Wata babbar makarantar injiniyoyi da ke birnin Atlanta, watau Georgia Tech, wadda aka kafa tun 1885, ita ma ta fito da digiri na farko mai suna Kimiyya, Fasaha da Al'adu. Ɗalibin wannan digiri yakan yi lissafi da kimiyya da kwamfuta kamar sauran 'yan makarantar, amma yawancin karatunsa a kan adabi da tarihi da hanyoyin sadarwa yake. Daga baya an sauya wa digirin suna ya koma Adabi, Kafofin Watsa Labarai da Sadarwa, sai dai matsalar da ke gaban ɗalibi ba ta sauya ba: bayan an zagaya da shi ko'ina, tilas wata rana ya ce ga inda zai zauna.

A nan ne da yawa suke yin tuntuɓe. Abin da ya jawo yaro zuwa irin wannan digiri tun farko shi ne ba ya son a tsare shi a ɗaki guda, saboda haka in aka ce ya zaɓi reshe sai ya ga kamar an ci amanarsa. Sai ya yi ta tsince-tsince, darasi ɗaya a nan, ɗaya a can, har shekara huɗu ta cika, ya fito da sanin shanu a kan abubuwa goma. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma.

A tsohon tsarin Georgia Tech akwai rassa uku da ɗalibi zai iya kamawa: kiwon lafiya da al'adu, kafofin watsa labarai, da kuma nazarin matsayin maza da mata a cikin al'umma. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya, gama sauran jami'o'i ma ba su yi nisa da wannan rabo ba.

Reshen kiwon lafiya shi ya fi nauyi, kuma mu a nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan amfaninsa. Cikin 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano da wasu jihohin Arewa, saboda raɗe-raɗin cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Ba a ci gaba a Kano ba sai watan Yuli na 2004, bayan an kawo maganin daga Indunisiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa a cikinta. Kafin nan cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka rabu da ita, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Likitoci sun san maganin yana aiki. Abin da ya gagara shi ne a gane dalilin da ya sa uba mai ƙaunar 'ya'yansa zai rufe ƙofa. Wata malama daga Jami'ar Mishigan, Elisha Renne, ta zauna a Zariya ta saurari mutane, ta fitar da littafi a kan siyasar shan inna cikin 2010. Daga cikin abin da ta ji akwai wata tambaya mai wuyar amsawa: don me ake bin gida-gida da wannan magani kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai uba ya biya kuɗi? Ga kuma gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda jama'a ba su manta ba. Wanda zai yi irin wannan bincike lalle ne ya san yadda rigakafi ke aiki a jiki, ya iya karanta ƙididdiga, ya kuma iya zama a zaure ya yi shiru ya saurara. A lura fa, wannan reshe ba ya mai da mutum likita. A Amurka sai an gama digiri na farko ake shiga makarantar likitanci, kuma tana da nata darussan kimiyya da ta shar'anta.

Reshen watsa labarai shi ne mai jan hankalin samari, domin akwai fim a ciki. Amma wanda ya shiga don kallo zai sha mamaki. Brian Larkin, wanda littafinsa ya fito cikin 2008, ya bi tarihin majigi da rediyo da gidajen silima na Kano, har ya kai ga kasuwar Ƙofar Wambai. Ya nuna cewa hanyoyin da 'yan kasuwa suka shimfiɗa don kwafar kaset-kaset na finafinan Indiya da Amurka su ne daga baya suka ɗauki finafinan Hausa suka kai su gari-gari. Ashe ke nan tambayar ta shafi wutar lantarki da na'urar kwafa da bashi tsakanin 'yan kasuwa, ba labarin fim kaɗai ba. A ganina, wanda ya kama wannan reshe kada ya fita sai hannunsa ya iya wani abu: tace hoto da sauti, ko tsara manhaja, ko rubutun da edita zai karɓa ba gyara.

Reshe na uku sunansa yakan sa wasu su ɗaure fuska, amma tambayarsa mai sauƙi ce: da wa aka yi lissafi sa'ad da ake ƙera abu? Sai cikin 1993 dokar Amurka ta wajabta sanya mata a cikin gwaje-gwajen magani da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ke biya.

To, da me za a auna? Ɗalibai sukan duba sunan reshe, su ga wanne ya fi daɗin faɗi a gaban dangi. Ni kuwa ina ganin abin dubawa shi ne kayan aikin da reshen zai bar wa mutum a hannu. Kowane reshe yana da hanyar bincikensa: wani tonon tsofaffin fayiloli irin na gidan ajiyar tarihi na Kaduna, wani ƙididdiga, wani hira da jama'a, wani ƙira. Batutuwa suna tsufa, kaset ɗin bidiyo ma ya riga ya wuce, amma wanda ya iya tonon fayil ko lissafin ƙididdiga zai ci gaba da cin abinci da shi. Ɗalibi ya tambayi kansa wane aiki ne zai iya yi na sa'a shida ba tare da ya gundura ba. Sa'an nan ya duba malaman da ke reshen, domin reshe mai malami ɗaya, in ya tafi hutun bincike a shekarar ƙarshe, wa zai duba kundin digiri? Kuma a yanke shawara da wuri, kafin ƙarshen shekara ta biyu, gama manyan darussa suna da ƙanana da dole a fara cinye su.

Akwai kuma maganar komowa gida, wadda ma'aikatan da ke da 'ya'ya a waje suka fi kowa sani. Takardar digirin waje sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance ta kafin a shiga bautar ƙasa, kuma tsarin aikin gwamnati ya jera fannonin da ake ɗauka a kowane rukuni. Kwamitin ganawa ba zai sami "Kimiyya, Fasaha da Al'adu" a jerinsa cikin sauƙi ba, don haka sai ya buɗe takardar sakamakon darussa ya duba. In ya ga darussa shida ko bakwai a jere a kan lafiyar jama'a, tare da kundin bincike a kansu, ya san ofishin da zai tura mutum. In kuwa ya ga kame-kame, sai fayil ɗin ya koma ƙasan tari.