Tarkon da Ke Cikin Misalan Linjila

Wanda ya buɗe Sabon Alkawari a Littafi Mai Tsarki na Kirista, littattafai huɗu zai fara tararwa, waɗanda ake kira Linjila ko Bishara: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Da Girkanci aka rubuta dukkansu, ko da yake Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, da harshen Aramiya yake yi wa mutanen Galili wa'azi. Galibin masana suna ganin Markus aka fara rubutawa, wajen shekara ta 70 miladiyya, sai Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yahaya kuma a ƙarshen ƙarni na farko. Ukun farko sun yi kama da juna ƙwarai, kuma a cikinsu ne misalan Yesu suke, guda 30 zuwa 40 gwargwadon yadda aka ƙirga. Yahaya ya fi karkata ga dogayen jawabai. Tun 1932 ake iya karanta Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, albarkacin fassarar da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala.

An saba ɗaukar waɗannan misalai a matsayin 'yan labarai masu daɗi da ake koya wa yara halin kirki da su a makarantar Lahadi. A ganina wannan raina su ne. Kusan kowane babban misali yana ɗauke da wani abu da bai dace da al'ada ba, wanda aka sa da gangan domin ya girgiza mai sauraro, ya sa shi yanke hukunci kafin ya farga cewa kansa ya yanke wa. Salon tsoho ne a Isra'ila. A littafin Sama'ila na biyu, Annabi Natan ya je wa Sarki Dawuda da labarin wani attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani talaka. Sarki ya fusata, ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, sai Natan ya nuna masa cewa shi ne mutumin. Malaman Yahudawa sun ci gaba da koyarwa da misali, kuma mai karatun Alƙur'ani ma ya san yadda ake buga wa mutane misalai domin su yi tunani.

Matsalarmu ita ce shekaru dubu biyu sun dakushe kaifin labaran. Ɗauki misalin Basamariye mai tausayi, wanda Luka kaɗai ya kawo, a sura ta 10. Hanyar Urushalima zuwa Yariko kimanin kilomita 27 ce, gangara mai duwatsu da ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. An yi wa wani matafiyi duka an yar, firist ya gan shi ya wuce, Balawi ma haka. Mai sauraro na wancan zamani zai zaci na uku talakan Bayahude ne, wanda zai kunyata manyan haikali. Sai ga Basamariye. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai tsohuwar gaba kan inda ya dace a yi ibada, har wani shugaban Yahudawa, Yohanna Hirkanus, ya rushe haikalinsu na Dutsen Gerizim sama da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. Masanin Attaura ne ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, kuma a ƙarshe dole ya amsa da bakinsa cewa abokin gaba ne ya cika maƙwabci. Wanda bai san wannan gabar ba, darasin taimakon mabukaci kawai zai tsinta, ya bar abin da ya fi zafi a baya.

Haka lissafin kuɗi yake a misalin bawa marar yafiya a Matiyu sura ta 18. Sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000, shi kuwa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa bawa kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙwadago, talanti ɗaya kuma kimanin dinari 6,000. Masanin tarihi Yosefus ya rubuta cewa kuɗin shigar da Hirudus Antibas ke samu daga Galili da Fariya a shekara talanti 200 ne. Wato bashin bawan nan ya kai harajin shekara 50 na ƙasar da masu sauraron suke zaune. Ba wanda ya taɓa cin irin wannan bashi, kuma sun san haka. An zuzuta adadin ne domin ƙeta da rowar bawan su fito fili. A sura ta 20 kuma, mai gonar inabi ya biya wanda ya yi aikin sa'a ɗaya daidai da wanda ya wuni cikin rana. Duk ɗan ƙwadagon da ya ji wannan sai ransa ya sosu, kuma sosuwar nan ake nema, domin ita ke tona yadda mutum ke jin haushin alherin da aka yi wa wani.

Wani zai ce ai malami yakan buga misali ne don ya sauƙaƙa darasi, me ya kawo zancen tarko? Amsar tana cikin Markus sura ta 4, inda almajirai suka tambayi dalilin koyarwa da misalai, aka ba su amsa mai nauyi da ta dogara da Annabi Ishaya: akwai masu gani da ji amma ba za su fahimta ba. Masana sun daɗe suna kokawa da wannan wuri. Abin da na fahimta shi ne misali yana tace masu sauraro. Labarin shuka ko yisti a cikin gari kowa zai iya riƙewa, amma sai wanda ya yarda labarin ya taɓa shi ne zai ga inda aka dosa. Akwai kuma hikimar zama lafiya a ciki, domin mai maganar wani mulki dabam a ƙarƙashin Romawa da Hirudus, wanda ya fille kan Yahaya Mai Baftisma, yana bukatar zance mai harshen damo.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Shekaru aru-aru malaman Ikilisiya sun karanta misalai a matsayin zaurance, kowane abu da ma'anarsa ta ɓoye. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ce mutumin da aka yi wa fashi Adamu ne, masaukin Ikilisiya ce, mai masaukin kuma Manzo Bulus. Bajamushe Adolf Jülicher ya yi watsi da wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 19, ya ce kowane misali manufa ɗaya yake da ita. C. H. Dodd a 1935 da Joachim Jeremias a 1947 suka mayar da hankali kan rayuwar Falasɗinu ta lokacin Yesu. Ina tare da su a mafi yawan wurare, domin fassarar Agustin, duk da zurfinta, ta shafe Basamariye a matsayin abokin gaba, ta ceci mai karatu daga tambayar da aka yi masa. Sai dai Jülicher ya wuce gona da iri. Linjila da kanta ta fassara misalin mai shuka daki-daki, kuma labarin ɓataccen ɗa a Luka sura ta 15 ba zai taƙaitu ga manufa ɗaya ba, tunda uba da ƙane da wa kowa yana da nasa matsayin.

Akwai kuma masu cewa tunda Linjiloli sun saɓa wajen kawo misali ɗaya, ba abin dogaro ba ne. Saɓanin gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ga ɗalibi ba. Misalin tunkiyar da ta ɓace cikin ɗari yana cikin Luka 15 a matsayin raddi ga Farisiyawa da ke gunagunin Yesu yana cin abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi. A Matiyu 18 kuwa almajirai ake yi wa shi, domin su kula da raunana a cikinsu. Mai wa'azin da ke yawo ƙauye zuwa ƙauye yana iya maimaita labari ɗaya a gaban jama'a dabam-dabam, kuma kowane marubuci ya zaɓi abin da jama'arsa ke bukata. Ko wanne ne ya faru, ƙashin labarin bai canza ba: makiyayi ya bar 99 ya bi guda ɗaya. Har Linjilar Toma, wadda aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945 kuma Ikilisiya ba ta karɓe ta cikin Littafi Mai Tsarki ba, ta riƙe wannan ƙashin, sai dai ta ce tunkiyar da ta ɓace ita ce mafi girma a garken. Wannan ƙarin ya ba makiyayin dalili na riba, alhali a Matiyu da Luka ba a faɗi wani abin da tunkiyar ta fi sauran da shi ba.