Guzurin Mai Niyyar Ziyartar Turkumenistan

Duk almajirin da ya zauna gaban malami har ya kai ga Sunanun Nasa'i, ko ya ji ana kafa hujja da Abdullahi ɗan Mubarak Almarwazi, haƙiƙa ya san wani abu na ƙasar Turkumenistan, domin Nasa da Marwa, garuruwan waɗannan bayin Allah, duk suna cikin iyakarta ta yau. Sai dai wannan ƙasa, wadda ta sami 'yanci a 1991, wadda hamadar Karakum ta mamaye kimanin kashi 70 cikin ɗari nata, tana cikin mafiya wuyar shiga a duniya, kuma wanda bai kammala tafiyarsa a takarda tun yana gida ba, ba zai kammala ta da ƙafa ba.

Farkon al'amari shi ne takardar gayyata. Matafiyi zai nemi kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can, ya aika masa da hoton fasfo da jerin wuraren da yake nufi, kwana bi da kwana, shi kuma kamfanin ya miƙa wa hukumar shige da fice, wadda ke da ikon amincewa ko ƙi ba tare da faɗin dalili ba. Saboda haka wajibi ne a fara da watanni, a kuma jinkirta sayen tikitin jirgi, ta Istambul ko Dubai, har takardar ta fito. Idan an isa, a tabbata an yi rajista da hukumar cikin kwanaki uku na aiki, sannan a san cewa ɗan jagoran da kamfani ya bayar zai kasance tare da baƙo a duk tafiyarsa a wajen Ashgabat, babban birnin ƙasar, kamar yadda fatake ba sa ratsa daji sai da madugu.

Masauki ma yana cikin jerin da ake aika wa kamfanin, domin al'adar nan tamu ta sauka gidan ɗan'uwa ko a zauren masallaci ba ta da gurbi a can. A Ashgabat, birnin farin marmara, akwai manyan otal, amma a Darwaza, kimanin kilomita 260 arewa da birnin, inda ramin iskar gas ya shafe shekaru da dama yana ci da wuta, a zagayayyen tanti na makiyaya ake kwana, ruwa kaɗan ne, kuma sanyin asuba yana ratsa ƙashi, don haka bargo da tocila ba su zama nauyi ba. Mafi dacewar lokaci shi ne Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, saboda zafin Yuli yakan haura digiri 45.

Game da kuɗi kuwa, a riƙo dalar Amurka a hannu, sababbin takardu marasa yagewa, domin katin banki ba abin dogaro ba ne. A sanar da iyali tun da wuri cewa WhatsApp da Facebook a toshe suke, kada shiru ya tayar musu da hankali. A guji ɗaukar hoton fadar shugaban ƙasa da sojoji, a kuma binciki jakar magani da kyau, domin tiramadol da kodin haramtattu ne, suna iya kai mutum kurkuku.

Wanda ya jure waɗannan sharuɗɗa zai tsaya a Marwa, kusa da garin Mari, inda Halifa Ma'amun ya zauna, inda kubbar Sultan Sanjar ke tsaye har yau bayan Mangol sun rushe birnin a 1221, inda kuma ake ziyartar kabarin Sahabi Buraida Al'aslami, Allah Ya yarda da shi. Shawarata ita ce a ware wa Marwa yini cikakke tun a jerin farko, domin abin da ba a rubuta ba, da wuya ɗan jagora ya iya ƙara shi a hanya.