Abin Da Ya Sa Waƙoƙin Beatles Suka Ƙi Tsufa

Akwai wata ƙa'ida da samari biyu na birnin Liverpool ta ƙasar Ingila, watau John Lennon da Paul McCartney, suka kafa wa kansu tun suna 'yan makaranta, bayan haɗuwarsu cikin 1957. Ba su iya rubuta kiɗa a takarda ba, kamar yadda makaɗan Turai masu ilmin abin suke yi, ba su kuma mallaki na'urar ɗaukar murya ba. Saboda haka in sun haɗa waƙa yau, sai su rubuta kalmominta kaɗai, su bar karin ya kwana a ka. In gari ya waye suka tuna, to, waƙa ta samu. In kuwa ta ɓace ba su damu ba, domin a ganinsu waƙar da mai ita ya manta cikin dare guda, ina wanda ya ji ta sau ɗaya a rediyo zai riƙe ta?

Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin irin kiɗan nan na samarin Ingila mai jita da ganguna da zaƙin murya, wanda ƙungiyarsu ta Beatles ta buɗe wa hanya. A cikinsa kari ne gaba, kalmomi suna biye. Shi ya sa za a iske mutumin da bai san ko sannu da Turanci ba yana bin waƙar da fito, alhali kuwa da za a tsare shi ya faɗi abin da take cewa, sai ido.

Waƙoƙinsu na farko gajeru ne, da wuya su wuce minti uku, gwargwadon abin da ƙaramin faifai ke ɗauka da kuma abin da gidajen rediyo ke so. Ba a ɓata lokaci da dogon share fage. Kafin mai sauraro ya gyara zama an kai amshi, amshin kuma zai dawo sau uku ko huɗu har ya zauna. Sa'an nan ba su da 'yan amshi daban. Lennon da McCartney da George Harrison su ne masu kiɗa, su ne masu waƙa, wannan ya ɗauki murya ta sama wancan ta ƙasa, su haɗu kamar tufkar igiya, Ringo Starr yana riƙe musu da ganga.

Ba a banza hannu ya faɗa ba. Tun daga watan Agusta na 1960 suka riƙa zuwa birnin Hamburg ta Jamus, inda suke kiɗa a gidajen rawa na unguwar ma'aikatan jirgin ruwa, sa'o'i da yawa kowane dare. Wanda aikinsa shi ne hana baƙo tashi daga kujera, dole ya gane da wuri irin karin da ke tsai da mutum da wanda ke korarsa. Duk da haka kamfanin faifai na Decca ya gwada su a farkon 1962 ya sallame su. Wanda ya karɓe su shi ne George Martin na kamfanin EMI, mutum mai ilmin kiɗan Turai na da. Faifansu na farko ya fito ran 5 ga watan Oktoba na 1962, ya tsaya a lamba ta 17 cikin jerin waɗanda aka fi saye. Na biyu kuwa, da suka kawo waƙar tana jan jiki, sai Martin ya ce su ƙara mata sauri. Da suka bi shawararsa, daga nan ƙofa ta buɗe.

Ba abin da ya fi nuna yadda kari ke rigan kalmomi kamar labarin waƙar nan mai suna Yesterday, watau jiya. McCartney ya farka daga barci wata safiya a Landan da karinta cikakke a kansa, ya tashi ya nufi fiyano da ke kusa da gadonsa ya kaɗa shi don kada ya gudu. Kalmomi babu, sai ya liƙa masa waɗansu na wasa a kan soyayyen ƙwai. Ya yi makonni yana bin masana kiɗa yana rera musu, yana tambaya ko sun taɓa jin wannan kari, domin tsoron kada ya zamana na wani ne ya ɗauko bai sani ba. Da ba wanda ya ce nasa ne, sa'an nan ya nema masa kalmomi. An ɗauki waƙar cikin watan Yuni na 1965, shi kaɗai da jitarsa, sai masu goge irin na Turawa su huɗu da Martin ya kawo. Tsawonta bai fi minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba, amma mawaƙa fiye da 2,000 sun sake rera ta a faifansu.

Labarin shahararsu sananne ne. Ran 9 ga watan Fabrairu na 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka, cikin watan Afrilu na wannan shekara kuwa waƙoƙinsu ne suka riƙe lamba ta ɗaya har zuwa ta biyar a can. Abin dariya shi ne, ihun 'yan mata a filayen wasa ya kai ga ko su kansu ba su jin abin da suke kaɗawa. Mutanen da jarinsu zaƙin murya ne suka wayi gari ba mai jin muryar. Cikin 1966 suka daina yawon wasa, cikin 1970 suka rabu.

Akwai masu sukar wannan kiɗa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Suna cewa tushensa na baƙaƙen fatar Amurka ne, irin su Chuck Berry da Little Richard, samarin Ingila suka ɗauka suka zuba masa zuma, suka mayar wa Amurkawa, suka kwashi dukiyar da masu abin ba su samu kwatankwacinta ba. Wannan gaskiya ce. Sai dai Beatles ba su taɓa ɓoye malamansu ba, kuma cikin 1964 sun ƙi yin wasa a garin Jacksonville sai da aka yarda ba za a ware baƙi da farare a wurin zama ba. Masu cewa kiɗan alewa ne kawai, su ne hujjarsu ta fi rauni, domin haɗa kari mai sauƙin riƙewa wanda kuma ba ya gundura ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙungiyoyi da yawa sun bi wannan sawu, tun daga Hollies ta zamaninsu har zuwa Oasis da Coldplay na baya, amma kaɗan ne cikin waƙoƙin kowacce suka daɗe a bakin mutane.

Ƙa'idar nan ta yarinta ta yi wa McCartney rana a ƙasar nan. Cikin 1973 ya zo Ikko da matarsa Linda da Denny Laine, don ɗaukar faifan sabuwar ƙungiyarsa Wings a ɗakin EMI da ke Apapa. Fela Kuti ya zarge shi a fili da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da ya gayyace shi ya saurari waƙoƙin ya ji babu kiɗan nan ƙasar a ciki. Shi kuwa McCartney ya je gidan wasan Fela, ya kuma sha faɗa daga baya cewa kiɗan da ya ji a can ya sa shi hawaye. Wani dare yana tafe a ƙasa da matarsa, 'yan fashi suka tare su da wuƙa, suka ƙwace jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin sababbin waƙoƙin da rubutun kalmominsu. Sai ya koma ɗakin ɗaukar murya ya zazzago su daga ka. Faifan, mai suna Band on the Run, ya fito a ƙarshen 1973, ya kuma hau lamba ta ɗaya a Ingila da Amurka cikin 1974.