Daga Ƙashi zuwa Tsoka: Binciken Motsin Muƙamuƙi da Jeren Haƙoran Roba a Landan

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda masana haƙori suka amsa tambaya guda: a ina ya kamata a dasa haƙoran roba a bakin da haƙoransa suka zube duka? An yi la'akari da ayyukan Norman Bennett da Wilfred Fish, aka kuma duba abin da suke nufi ga majinyaci mai magana da Hausa.

1.0 Gabatarwa

Titin Wimpole da ke unguwar Marylebone a Landan ya tara manyan cibiyoyin sana'ar haƙori ta Birtaniya. Ƙungiyar Likitanci ta Masarauta ta koma gida mai lamba 1 a 1912, Majalisar Kula da Aikin Haƙori tana lamba 37, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Birtaniya kuwa ta tare a lamba 64 cikin shekarun 1960. Masanan biyu da za a tattauna suna da alaƙa da waɗannan cibiyoyi. Bennett ya gabatar da bincikensa ga sashen haƙori na ta farko a 1908, tun tana Dandalin Hanover, Fish kuma shi ne shugaban farko na ta biyu, daga 1956.

Matsalar da suka fuskanta sananniya ce. Farantin haƙoran roba na sama yana manne wa ganɗa, wadda take da faɗi kuma ba ta motsi. Na ƙasa kuwa yana zaune ne a kan siririn tudun dasashi, tsakanin harshe da kumatu, a kan ƙashin da yake motsi. Shi ya sa yawancin ƙorafin masu sanya su yake komawa ga na ƙasa: yana ɗagawa wurin tauna, yana zamewa wurin magana.

2.0 Lissafin Ƙashi da Gwajin Bennett

Masanan ƙarni na 19 sun nemi amsar a cikin awon ƙashi. William Bonwill na Filadelfiya ya ce idan aka ja layi tsakanin kawunan muƙamuƙin ƙasa guda biyu, wato inda yake haɗuwa da ƙoƙon kai a gaban kunnuwa, aka kuma jawo layi daga kowannensu zuwa tsakiyar haƙoran gaba na ƙasa, za a sami alwatika mai tsawon inci 4 a kowane gefe. A kan wannan ya ƙera na'urar da ake ɗora siffar baki a kanta domin jera haƙora. A 1866 Francis Balkwill na Plymouth ya nuna cewa kan muƙamuƙi yana gangarawa gaba da ƙasa, ba juyawa kawai yake yi ba kamar fatar ƙofa.

Gwajin Bennett ya yi sauƙi ƙwarai. Ya ɗaura wa haƙoransa na ƙasa wani firam mai ɗauke da ƙananan ƙwayayen lantarki, ɗaya daura da kan muƙamuƙi, ɗaya daura da haɓa. Haskensu ya bi ta gilashi ya sauka a kan takarda, aka riƙa yi wa inda ya faɗa alama yayin da yake buɗe baki da karkata shi. Ya fito da abubuwa biyu. Muƙamuƙi ba shi da cibiyar juyawa guda tabbatacciya, cibiyar tana sauyawa a kowane mataki na buɗe baki. Sannan idan mutum ya karkata haɓa dama ko hagu domin tauna, ƙashin gaba ɗayansa yana ɗan gusawa zuwa wannan gefe. Har yau ana kiran wannan gusawa da sunansa, kuma na'urori da yawa suna sanya mata kusurwa ta kimanin digiri 15. Amfaninta a fili yake: idan ba a bar wa tudun turamen sama da na ƙasa hanyar wucewa ba, za su yi karo, farantin ya tuntsure. Abin lura, bakin mutum ɗaya aka gwada, wato na Bennett kansa.

3.0 Fish da Aikin Tsoka

Duk wannan lissafi ya shafi lokacin da haƙora suka haɗu ne, alhali a mafi yawan yini ba a haɗe suke ba. Nan Fish ya shigo. A littafinsa na 1933 a kan haƙoran roba, ya raba farantin zuwa fuska uku: wadda ke kwance a kan dasashi, wadda ake tauna da ita, da kuma gogaggiyar fuskar da harshe da leɓɓa da kumatu ke taɓawa. Ta ukun ce aka yi sakaci da ita. Ya nuna cewa idan aka karkata gangarenta daidai, tsokar kunci da harshe za su danne farantin ƙasa maimakon su ɗaga shi, kuma turame masu faɗi da yawa suna takura harshe har ya ture su.

Wannan ya ci karo da tsohuwar ƙa'idar jera haƙora a kan ƙololuwar tudun dasashi. Tudun ba ya tsayawa inda haƙoran asali suka bar shi. Binciken Antje Tallgren na 1972, wanda ya bi majinyata har shekara 25, ya nuna cewa ƙashin gaban muƙamuƙin ƙasa yana zaizayewa kusan ninki huɗu na na sama. Wanda ya bi tudun, ƙashin da ya rage ya bi, ba gurbin haƙori ba.

Daga baya Beresin da Schiesser suka yaɗa dabarar gano gurbin da turin harshe daga ciki ya yi daidai da turin kumatu da leɓɓa daga waje. Ana ɗora abu mai laushi a kan farantin gwaji, majinyaci ya haɗiyi yawu, ya kurɓi ruwa, ya lashi leɓɓa, ya yi magana. Siffar da tsokokinsa suka bari, a cikinta ake jera haƙora.

4.0 Bakin Bahaushe

A 2002 taron masana a Jami'ar McGill ta Kanada ya yanke cewa a riƙa kafe farantin ƙasa da ƙusoshi biyu da aka dasa cikin ƙashi. Tsadar wannan aiki ta fi ƙarfin yawancin dattawan da ke zuwa asibiti a Kano ko Maraɗi, don haka dabarar Fish, wadda ba ta bukatar tiyata, tana da sauran aiki a can.

Sai dai akwai wani tarko. Littattafan koyarwa sun ce a gwada matsayin haƙoran gaba na sama ta hanyar sa majinyaci ya furta f da v, domin a Ingilishi bakin waɗannan haƙora yana taɓa leɓen ƙasa. Hausa ba ta da v, f ɗinta kuma baleɓe ne: Bakano yana furta "fari" da leɓɓa biyu, Basakkwace ya ce "hwari", haƙori bai taɓa leɓe ba. Likitan da ya yi wannan gwaji da Bahaushen da bai saba da Ingilishi ba, ba zai ga abin da littafin ya ce ya duba ba. Sautukan da suka fi dacewa su ne s da z da ts, waɗanda ke kusanto da haƙoran gaba na sama da na ƙasa, sai ɗ da r, masu ɗaga bakin harshe zuwa hanƙa. Tsara jerin kalmomin gwaji daga waɗannan sautuka aiki ne da Tsangayar Likitancin Haƙori da masana tsarin sauti na Jami'ar Bayero za su iya yi tare, da masu magana da karin Kano da na Sakkwato.